Kukan Motar da Ta Kaɗe Ungozoma

Gari bai gama wayewa ba aka tsinci gawar Ungozoma a hanyar da ta bi ta bayan gidan burodi. Tana kwance a gefen kwata, jakar aikinta ta fashe, almakashi da auduga da safar hannu sun watse cikin taɓo. Ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, saura yayyafi. Mota ce ta kaɗe ta, kuma babu wanda ya ga mai motar.

Babu gida a unguwar da hannun matar nan bai shiga ba. Rabin samarin da suka taru a kanta ita ta yanke musu cibi. Shi ya sa tun kafin rana ta ɗaga jama'a suka gama yanke hukunci cewa Dogo ne, direban tasi mai gudu kamar an koro shi, wanda kowa ya san gaban motarsa a lotse yake. Da ƙyar Insifekta ya ƙwace shi, riga a yage, leɓe a fashe, ya kulle shi a ofis don ya tsira da ransa.

A barandar asibiti saƙon Insifekta ya iske Mai Sawu. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓarayin itace da maharba, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Tun da ya yi ritaya, duk abin da ya shige wa 'yan sanda duhu kuma ya bar alama a ƙasa, shi ake nema. A wannan safiyar ba ya son zuwa ko'ina. 'Yarsa Auta ce aka yi wa aiki aka ciro mata 'ya mace, ta zubar da jini sosai, har lokacin ba ta farfaɗo ba. Mijinta, Tela, yana zaune a kan benci ya cusa kai tsakanin gwiwoyi.

"Je ka, Baba," in ji Tela, bai ɗago ba. "Ina nan."

Ƙafafun jama'a sun riga sun tattake wurin. Mai Sawu bai ɓata lokaci a tsakiya ba, ya koma jikin bangon gidan burodin inda ba a taka ba, ya tsuguna, ya daɗe yana kallon ƙasa. Insifekta yana tsaye a kansa yana jira.

"Ƙaramar mota ce," ya ce daga ƙarshe. "Daga cikin unguwa ta fito, ba daga babban titi ba. Bai taka birki ba sai da ya buge ta. Dubi inda tayoyin suka ja taɓo, gaba yake da inda ta faɗi. Idonsa ba ya kan hanya."

"Barci ya ɗauke shi?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ya fito. Ga inda ya durƙusa, ga tafin hannunsa. Ya jima a nan, ka ga yadda gwiwar ta nutse. Wa ya rufe mata fuska?"

"A haka aka same ta."

"To shi ne. Mutum ba ya yi wa baƙo haka. Ya san ta." Ya miƙe yana dafa ƙugu. "Ya juya motar ya koma inda ya fito. Daga bakin kwalta sawun ya ɓace."

A inda motar ta tsaya akwai falan siminti da aka rufe kwata da shi, rumfar gidan burodin ta kare shi daga ruwa. A kansa ya ga wani baƙin gari, bai kai cikin cokali ba. Ya dangwala ya murza. Ba gawayi ba ne, ba toka ba ce, yana nannaɗewa a yatsa, yana warin ƙonanniyar roba. Ya tattara shi a hankici ya ƙulle.

Mai Burodi ƙato ne, hannuwansa fari fat da fulawa, idanunsa sun yi ja don kuka.

"Ban gani ba, Baba. Tagar nan ta fi tsayina, kuma ina kan kwaɓi. Ji kawai na yi."

"Me ka ji?"

"Kukan mota, amma ba irin wanda na saba ji ba. Wani siririn kuka, wiii, kamar sauro ya shiga kunne. In an ba ta wuta ya hau, in an sassauta ya sauka. A ƙarƙashinsa kuma akwai shaf-shaf-shaf, kamar ana goga tsumma a jikin tiren burodi. Sai na ji dum. Na ɗauka rami ta faɗa. Kukan ya tsaya a nan bayan bango yana ta yi, har na ce wannan wane irin mai mota ne. Da na san abin da ke nan…" Ya share fuska da bayan hannu, fulawa ta shafe masa gira.

"In ka sake jinsa za ka gane shi?"

"Ko a kasuwa ne."

A ofishin 'yan sanda Dogo yana zaune a ƙasa a bayan kanta, ya jingina da bango. Da ya ga Mai Sawu sai ya yi wata dariya marar daɗi.

"Baba, kai ma ka zo ganin mai kisan kai? Lotsewar motata ta girmi wasu 'ya'yan unguwar nan. Je ka duba, har tsatsa ta yi jikoki a ciki."

"Ina kake da asuba?"

"Tambayi surukinka. Shi ya zo yana dukan ƙofata kamar zai ɓalle ta, ya ce matarsa za ta mutu. Ni na kai su asibiti. Kujerar baya har yanzu da jinin 'yarka. Da mutanen nan sun leƙa sun gan shi, da shi za su ce na Ungozoma ne."

Mai Sawu ya ji kunya ta kama shi. Tun safe bai tambayi yadda aka kai Auta asibiti ba. Ya yi wa Dogo godiya, ya ce ya ƙara haƙuri. Insifekta dai bai gamsu ba, ya ce ai mutum zai iya kaɗe mace ya koma gida ya kwanta kafin a buga masa ƙofa, kuma kowa ya shaida motar Dogo tana da kuka.

Aka kira Sifana, bakaniken unguwar, wani gajere mai yawan magana wanda ba a taɓa ganin farcensa da haske ba. Ya tayar da tasin a harabar ofis. Ta ƙwala ƙara, ƙiii, har kurtun da ke bakin ƙofa ya toshe kunne. Sifana ya buɗe bonet, ya kurɓi ruwa ya fesa a kan bel ɗin da ke juyawa a waje. Ƙarar ta ɗauke nan take.

"Fanbel ne ya saki," ya ce. "Tun bara nake ce masa ya canza, yana cewa ƙarar ce hon ɗinsa."

Mai Burodi, da aka tsayar a gefe, ya girgiza kai. "Ba shi ba ne. Wannan ihu ne. Wancan kuka ne."

Da zargin ya fara sauka daga kan Dogo sai ya koma kan Mai Kemis. An san sun yi cacar baki da Ungozoma a bainar jama'a, ta ce yana sayar wa masu ciki maganin da ya lalace, ya ce sai ya ga bayanta. An kuma ga ya wanke motarsa tas a safiyar da abin ya faru. Mai Sawu ya same shi a shago, yana jera kwalabe.

"Na faɗa, ban musa ba," in ji Mai Kemis. "Baki ne. Matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka zan bi da mota? Wanke mota kuwa, bayan ruwan sama wa ba ya wankewa?"

Tayoyinsa sun fi na sawun faɗi, injinsa kuma shiru kamar yana jin kunya. Duk da haka Insifekta ya ce kada ya bar gari.

Da yamma Mai Sawu ya je garejin Sifana, ya kwance hankicin a kan benci. Sifana ya murza garin, ya sansana, ya sa ya maimaita masa abin da Mai Burodi ya ji. Surutunsa ya ragu.

"Wannan ba fanbel ba ne, Baba. Taimin bel ne, wanda ke can ciki bayan murfi, mai haƙora, shi ke haɗa saman inji da ƙasansa su yi tafiya tare. In aka ɗaure shi ya yi tauri fiye da kima, shi ne yake wannan siririn kukan, yana bin totur sama da ƙasa. Shaf-shaf ɗin kuma, bai zauna daidai a kan hanyarsa ba, gefensa yana cin jikin murfi. Abin da yake ci ɗin ne wannan garin."

"Ta yaya ya zubo ƙasa, in a rufe yake?"

"Ba a mayar da murfin ƙasa ba. Yana da wuyar sawa, sai an cire taya an kwanta. Sabon bel ne, kuma ba bakanike ya ɗaura shi ba. Wani ne ya kalli bidiyo a waya ya ce me zai kai shi wurin Sifana."

"Wa ka sani da ya yi haka?"

"Wanda ya yi ai ni yake ɓoye wa. Sai ya tsinke ya lanƙwasa masa bawul ɗin inji sannan a turo mini motar ana sannu da aiki."

Ƙanwar Ungozoma ba ta san komai ba sai abu ɗaya. An kira yayarta a waya, ta ce haihuwa ce, ta ɗauki jaka ta fita a ƙafa. Ba ta faɗi gidan ba, wayar kuma ta farfashe a ƙarƙashin taya. Mai Sawu ya bi layi-layi yana leƙa ƙarƙashin motocin mutane, har yara suka fara cewa tsohon ya zautu. Bai sami komai ba. Aka binne Ungozoma, shagunan unguwar suka wuni a rufe, Dogo ya ci gaba da kwana a bayan kanta don babu wanda zai iya lamunce masa in ya fito.

Ranar da Auta ta iya zama da kanta, Mai Sawu ya shiga wurinta. Ta rame, leɓɓanta sun bushe, jaririyar tana barci a gefenta. An hana kowa gaya mata rasuwar. Tela ya tafi gida ɗebo kaya.

"Baba, Inna Ungozoma fushi take da ni? Ko leƙowa ba ta yi ba."

"Me zai sa ta yi fushi?"

"Na tashe ta da asuba. Ta ce ga ta nan tafe. Da na ga abin ya yi tsanani na ce wa Baban Bebi ya ɗauki mota ya tarye ta a hanya. Ya dawo shi kaɗai, ya ce bai gan ta ba, motar ma ta lalace, ya ruga ya kira Dogo."

Mai Sawu ya gyara zama a hankali. "Motar ta fita ke nan."

"Ta fita mana. Ai ba ta ɓuya yanzu. Tun da ya kwance mata ciki take wani kuka kamar sauro." Ta yi ɗan murmushi. "Wai shi a dole sai ya gyara ta da hannunsa kafin na haihu, kada ta ba mu kunya a hanya. Wuni ya yi a ƙarƙashinta, ya fito baƙi ƙirin, na ce tela ya koma bakanike. Kukan nan ya hana shi sukuni. In muna tafiya sai ya riƙa sunkuyar da kai yana saurare, ina cewa ka dubi gabanka."

Ya ce mata ta kwanta ta huta. Ya fita baranda ya tsaya yana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo. Ya shekara da shekaru yana bin sawu, bai taɓa fatan ya yi kuskure ba sai ranar.

Kafin ya tafi gidan Tela ya kira Insifekta, ya ce a tara Dogo da Mai Kemis da Mai Burodi a garejin Sifana, yana zuwa.

Ƙofar gidan a buɗe take. Keken ɗinki yana falo, da ƙananan rigunan jarirai da aka yanka ba a haɗa ba. A tsakar gida motar tana lulluɓe da tamfol, an danne gefunansa da bulo. A jikin ƙusa tsohon bel yana rataye, kusa da shi wani lanƙwasasshen murfin roba da ƙura ta fara hawa. Mai Sawu ya ɗaga tamfol ta gaba, ya durƙusa. Baƙin garin yana nan a kan siminti, ya fi na bayan gidan burodi yawa. Fitilar hagu ta tsage.

Da ya miƙe ya ga Tela a bakin ƙofar ɗaki, riƙe da jakar kaya da fulas. Yaron da ya ba 'yarsa saboda haƙurinsa, wanda bai taɓa ɗaga masa murya ba. Sun kalli juna.

"Ƙafata tana ciwo," in ji Mai Sawu. "Kai ni garejin Sifana."

"Motar ba ta da lafiya, Baba."

"Na sani. A hankali za mu je."

Tela ya ajiye jakar. Ya janye bulon ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe tamfol ɗin da kyau kamar yadin wani, ya ɗauko makulli. Da injin ya tashi, kukan ya cika tsakar gidan, siriri, da shaf-shaf a ƙarƙashinsa. Suka hau titi. Da suka zo mararrabar da ke bi ta bayan gidan burodi, Tela ya zaɓi doguwar hanya, Mai Sawu bai hana shi ba.

Labari ya riga su isa, mutane sun cika bakin garejin. Dogo yana zaune a kan tsohuwar taya, Mai Kemis yana tsaye yana share gumi, Insifekta yana duba agogo. Mai Burodi ya ba titi baya yana magana da Sifana. Tun motar ba ta shigo ba ya yi shiru a tsakiyar magana, ya juyo a hankali.

"Ita ce," ya ce. Sai ya ga wanda ke tuƙi, ya kama bakinsa.

Sifana ya buɗe bonet ba tare da ya kalli kowa ba, ya haska tocila, ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin injin. Ana kallo baƙin gari ya fara sauka a kai. Mai Sawu ya kwance hankicinsa ya ajiye a gefen kwalin. Sifana ya miƙa hannu ya kashe motar.

"Insifekta," in ji Mai Sawu, "Dogo ba shi da laifi, Mai Kemis ma haka. Saura kuma ba daga bakina ya kamata a ji ba."

Tela ya fito ya tsaya a jikin ƙofar motar.

"Ita na fita ɗaukowa," ya ce. "Kukan ya ƙaru, na ji tsoro kada bel ɗin ya tsinke mu rasa abin zuwa asibiti. Na sunkuya ina saurare. Da na ɗago tana gabana. Na taɓa wuyanta, babu rai. Na ce in na tsaya za a riƙe ni, Auta kuma tana can ita kaɗai cikin jini. Na ce in an sauke ta lafiya zan kai kaina. Aka sauke ta. Na ce sai ta farfaɗo. Ta farfaɗo. Kullum da safe sai in ce yau."

"Ni kuma ina ciki," in ji Dogo. Bai ɗaga murya ba. "Ka zauna a motata, kana ce mini yi sauri, ka san abin da ka bari a baya. Ka ji an kusa ƙona ni."

"Na ji."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ba ni da abin da ya fi shi."

Wani daga cikin samari ya yunƙuro, wasu suka biyo shi. Mai Sawu ya taka ya tsaya a gaban surukinsa. Ya tsare su da ido, har na gaban ya sunkuyar da kai. Ƙanwar Ungozoma ce ta ratso taron, ta zo dab da Tela ta daɗe tana dubansa.

"Kai ka rufe mata fuska?"

"Ni ne."

"Ita ta karɓe ka ranar da ka zo duniya. Da ka zauna da ita har a zo." Ta juya ta tafi, mata biyu suka riƙe ta.

Insifekta bai sa masa ankwa ba. Kafin ya shiga motar 'yan sanda Tela ya waiwayo.

"Baba, kayan suna bakin ƙofa. Akwai ruwan zafi a fulas. Kada ta ji a bakin wani."

Taron ya watse ba hayaniya. Sifana ya tura motar can ƙuryar gareji ya rufe bonet. Mai Sawu yana nan tsaye inda aka bar shi, sai ya ji tasi ta tsaya a gefensa.

"Shigo, Baba," in ji Dogo. "Mu biya mu ɗauki kayan."

A asibiti ya sami Auta zaune tana shayar da jaririyar. Ta dubi jakar da ke hannunsa, ta dubi bayansa.

"Ina yake? Ya bar ka da ɗaukar kaya?"

Mai Sawu ya ajiye jakar a ƙarƙashin gado, ya sa fulas a kan durowa. Ya jira har jaririyar ta ƙoshi ta saki nono. Sannan ya kira nas ya roƙe ta ta riƙe musu ita na ɗan lokaci. Ya ja labule, ya jawo kujera kusa da gadon, ya zauna ya kama hannuwan 'yarsa duka biyu.